Wasiƙa daga Damagaram zuwa Abijan

Damagaram, daren Alhamis

Assalamu alaikum, Bafulatanina,

Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na san ka yi fushi. Saƙonka uku na gani ban amsa ba, har ka turo ƙanenka ofis ya duba ko da raina. Da raina, alhamdu lillahi. Zancen filin nan na hanyar Mirya zan ba ka amsarsa, amma bari in fara sauke abin da ya hana ni barci sati uku.

Ka tuna Baba direba, wanda ya kai mu Magariya ɗaurin aure, ya hana ka shan fura cikin mota? Ran Litinin ta ƙarshen wata ya shigo ofishina, ya ƙi zama, ya ajiye takardar albashinsa a kan tebur ya ce: "Ɗana, bashin nan nawa ba ya ƙarewa ne?" Na ce wane bashi? Ya ce jika 50 da ya karɓa lokacin da aka kwantar da matarsa asibiti. Wata bakwai ke nan ana ba shi jika 58, alhali da jika 85 aka yi magana tun ranar da ya kama aiki. Shi a zatonsa bashin ake cirewa, kunya ta hana shi tambaya.

Na jawo kwantiraginsa, sai gabana ya faɗi. 58.000 aka buga a maimakon 85.000, lambobi biyu suka yi musayar wuri. Da can maigida ke biya hannu da hannu, ana sa hannu a babban littafi, ba wanda ya waiwayi takardar. Da aka koma biya ta kwamfuta sai sabon akawu ya kwafi abin da ya gani a rubuce. Baba kuwa ajami yake karantawa, boko sai dai a karanta masa, kuma ba wanda ya karanta masa kafin ya dangwala yatsa. Ta teburina takardar ta bi, mutumina. Ni ma ban lura ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai.

Yi lissafi da kanka, tunda ku ba ku iya ƙirga komai ba sai shanu: jika 27 sau bakwai, 189. A cire bashinsa 50, saura jika 139 na guminsa a hannunmu. Mutumin da ke sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa kullum, ka san halin pampon garin nan da bazara, ga jikoki huɗu a gabansa.

Na kai wa maigida maganar, ya ce takarda ita ce shaida, abin da aka sa wa hannu ya zauna. Ban yi gardama a gaban mutane ba. Na bari sai bayan la'asar, na ɗauko tsohon littafin biya na buɗe masa: wata goma sha huɗu a jere, 85.000, da rubutun hannunsa shi kansa. Ya yi shiru. Can ya ce to a ba Baba jika 60 a rufe zance, ya sa hannu cewa ba ya bin kowa komai. Na ce ranka ya daɗe, a dokar ƙwadago ta 2012 irin wannan sa hannun ba ya kashe haƙƙin ma'aikaci, haka ma karɓar takardar albashi ba tare da ƙorafi ba. Gobe yana iya zuwa kotun ƙwadago, kuma shigar da ƙara a can kyauta ne. Ga shi wakilin ma'aikata ya riga ya ji, yara a gareji sun fara ƙus-ƙus.

Af, kafin in manta: Dogo ya yi ta biyu. Ƴar Zango ce, an kai lefe satin da ya wuce, uwargidan ta ce ita alkaki kawai za ta yi musu, ba ta zuwa. Ya ce in gaya maka in ba ka aiko da gudummawa ba zai tona zancen kilishin Kasuwar Dole. Ni ban ce komai ba.

To, ni na ba da shawarar mu je wurin sufeton aiki, jami'in gwamnati mai sa ido kan harkar ƙwadago, da ƙafarmu tun kafin a kira mu. Muka tafi mu huɗu, da Baba da wakilin. Sufeton ya saurari kowa, ya duba littafin, ya ce a rubuta takardar gyara a liƙa wa kwantiragin, a kuma rubuta sulhun da ranakun biya, kashi uku: jika 50, 50, sannan 39. Da aka gama na karanta wa Baba da Hausa, layi bayan layi. Na kuma ce masa a gaban kowa kuskuren daga wurinmu yake, ya yafe mana. Ya cire hula ya share goshi, ya ce shi dama abin da ya fi damunsa kada a ce ya yi ƙarya. Wallahi sai da na kau da kai.

Ka ga da nan ta tsaya da na huta. Na ce bari in bi sauran takardun ɗaya bayan ɗaya, guda 23. Na tarar da yara uku da wa'adin kwantiraginsu ya cika tuntuni, suna ta aiki ba a sabunta ba, kuma sufeton ya ce irin wannan doka tana ɗaukar su ma'aikatan dindindin ne. Mai shara kuma har yanzu a kan 30.047 ake biyansa, alhali mafi ƙarancin albashi ya koma 42.000 tun Janairun 2024. Ga kuɗin CNSS na Baba, wato asusun fanshon ma'aikata, wata bakwai a kan 58 aka bayyana, kuma da abin da aka bayyana ake lissafa fanshon mutum. Shekarunsa sun ja, ritaya ta kusa. In ba a gyara yanzu ba, ranar da zai gane ba shi da ƙarfin yawo tsakanin ofisoshi.

Ban kai wa maigida wannan ba tukuna. Ba mugun mutum ba ne, ka san shi, ya saba ne da maganar baki irin ta kasuwa, ga ciniki ya ja baya tunda aka shiga matsalar iyaka. Ina tsoron ya ce na zama lauyan ma'aikata. Amma ba zan iya kallon mai sharar nan kowace safiya in amsa gaisuwarsa ina sane ba. Na shirya lissafin a takarda guda, Asabar zan same shi a gida bayan ya karya kumallo, lokacin ya fi sauƙin kai. Kai da ka yi shekaru kana riƙe da ma'aikata a can, ya kake ɓullo wa mai dukiya da irin wannan? A lokaci ɗaya ake zube masa, ko kaɗan-kaɗan? Kira ni kafin Asabar, don Allah, ko da dare ne.

Inna tana gaishe ka, ta ce maganin ƙafar ya yi mata. Zafi ya fara, mangwaro ya shigo. Ka shafa mini kan takwarana.

Naka,
Babarbaren da ya fi ƙarfinka