Godiya ga ma'aikatan ɗakin gwajin asibitin unguwarmu a Makka

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in gode wa ma'aikatan ɗakin gwajin ƙaramin asibitin da ke kusa da mu a Shara Mansur, musamman wata baiwar Allah mai karɓar fitsari da jini, Bahaushiya haifaffiyar nan Makka.

Mahaifiyarmu ta daɗe da ciwon suga, ga hawan jini. Da fitsarinta ya fara kumfa, aka ce a auna furotin. Takardar wani wuri ta nuna 25, ta wani wurin kuma 220. Barci ya ƙaurace wa gidanmu, ƙanena har ya fara tambayar kuɗin wankin ƙoda. Da na koma ɗaya daga cikin wuraren biyu neman bayani, ma'aikacinsu ko ɗago kai bai yi ba, wai in tambayi likita. Likitan kuwa sai an sake biyan kuɗi.

Ita kuwa wannan yarinya ta asibitin unguwarmu sai da ta durƙusa ta gaida Hajiya, sannan ta jera takardun, ta ɗora bakin biro a kan ƙananan haruffan da ke bayan lambobin. Ɗaya mg/mmol, ɗaya mg/g. Ta ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, hatsin ɗaya ne, mudun ne ya bambanta." Ashe in an ninka na farkon kusan sau 9 sai ya ba da na biyun. Babu abin da ya ƙaru.

Amma ba ta yi mana daɗin baki ba, shi ya sa ma na ƙara ganin girmanta. Ta ce ana kwatanta yawan albumin ne, wato furotin ɗin da ake aunawa a fitsari, da kiriyatinin, wato wani datti da ƙoda ke fitarwa a fitsari, don kada yawan shan ruwa ko ƙarancinsa ya ruɗi sakamako. A ma'aunin mg/g, ƙasa da 30 lafiya lau, 30 zuwa 300 ƙoda ta fara yoyo, sama da 300 abin ya yi nisa. Hajiya tana tsakiya, dole ta ga likita. Sai dai gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, tunda zazzaɓi ko ƙwayar cuta a mafitsara kan ɗaga lambar. A kawo fitsarin farko na asuba, a maimaita, sai abin ya zarce wata 3 ake kiransa ciwon ƙoda mai ɗorewa. Ta kuma ja mana kunne kan diclofenac ɗin da Hajiya ke sha don gwiwa.

Abin da ke ƙona mini rai, dattawanmu nawa ne ake miƙa wa takarda da Larabci da Turanci a ce su tafi? Wasu wuraren ma tsinken gwaji kawai za su tsoma, su rubuta 1+, su karɓi riyal ɗinsu, alhali rashin shan ruwa a zafin Makka kaɗai kan sauya launin tsinken. Wani ya tsorata a banza, wani ya koma gida da ƙoda mai yoyo bai sani ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa iyayen yarinyar nan albarka.

Taku,
wata mazauniyar Shara Mansur