Gaisuwar Sallah daga wata barga a Jamus

Assalamu alaikum Baba,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina gaida Inna da Kawu da duk mutan gida. Na yi idi da safe a masallacin Turkawa, kafin azahar na dawo barga, don nan ba a ba da hutun Sallah, kuma doki dole ya ci. Ina cikin zuba musu ciyawa na tuna yanzu haka kana can kana ɗaura wa akawal ɗinka sirdi za a fita hawa. Sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Ka sha tambayata irin dawakan da nake kiwo, yau bari in ba ka labarinsu. 'Yan Hanoba ake ce musu, da sunan yankin da aka samar da su. Turawa sun kasa doki uku: mai zafin jini kamar na Larabawa da na tseren Ingila, mai sanyin jini wato ƙattan nan masu jan kaya, sai mai ɗumin jini a tsakiya. Hali ake nufi, ba zafin jiki ba. Namu na tsakiyan ne.

A 1735 Sarki George na Biyu, wanda ya haɗa sarautar Ingila da ta Hanoba, ya kafa bargar gwamnati a garin Celle, domin talaka ya kai goɗiyarsa wurin ingarma mai kyau a kuɗi kaɗan. Da ingarmun Holstein, wani yanki a arewacin Jamus, aka fara, aka riƙa saka jinin dawakan tseren Ingila. Noma suke yi a lokacin, da jan keke, da aikin soja. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tarakta ta karɓe gona, sai masu kiwo suka juya, suka rage musu nauyi har suka zama dawakan gasa, na tsallake shinge da na taƙama a gaban alƙalai. Bargar Celle na nan tana aiki har gobe.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Baba, shi ne asali. Tun 1888 ake rubuta salsalarsu a littafi. Kowane doki da fasfonsa, uwa da uba da kakanni duk a jere, kamar ɗan sarauta. Ingarma kuwa ba ya hawa goɗiya sai an duba shi an gwada shi, ƙira da tafiya da hali. Wanda ya faɗi, komai kyansa, ba za a ɗauki irinsa ba.

Akwai wata ja da nake ji da ita. Doronta santimita 170 ne, ina tsaye sai na ɗaga hannu nake goge mata baya. Ƙirji faffaɗa, wuya dogo, in tana sassarfa ka ce ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Amma tarakta za ta wuce gab da hancinta, ko kunne ba za ta kaɗa ba, kuma ƙaramar yarinya ce ke hawanta. Tana da tsohon tambari a cinyar hagu mai kama da harafin H, kawunan doki biyu ne, irin waɗanda ake sassaƙawa a ƙololuwar gidajen manoman nan. Duk da haka na tabbata ba za ta jure ranar Katsina da lifidi a jiki kamar namu ba, ga cin da take yi ya ishi biyu a gida.

Wata mai zuwa maigidana zai kai ni Verden, inda hedikwatar masu kiwonsu take, mu kalli gwanjo. Zan ɗauko maka hotuna.

A ce wa Auta ya turo mini bidiyon jahi, kada ya yanke wurin zamiya kamar bara. Goron Sallarsa na hannun Inna.

Ɗanka mai neman albarka.