Godiya ga ma'aikatan Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, ofishin Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina rubuta wannan wasiƙa a madadin kaina da abokiyar zamana da marayunmu, zuwa ga shugaban ofishin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya da ke Gombe da ma'aikatansa, musamman wata baiwar Allah da ke kula da masu zubi a Asusun Gidaje na Ƙasa. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta, ta ce aikinta kawai ta yi. Sunan na bar mata, amma shiru ba zan iya ba, domin da yawa daga cikin waɗanda muka bi ta teburinsu kafin ita su ma aikinsu ke nan, ba su yi ba.

Maigidanmu, Allah ya jiƙansa da rahama, ma'aikacin gwamnati ne. Tun da ya kama aiki ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata ana zubawa a wannan Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, kamar yadda dokar 1992 ta tanada. Yawancin abokan aikinsa sun sallama wannan kuɗi, sun ce ya tafi ke nan. Shi bai sallama ba. Ya nemi lamunin gida, ya bi layi, ya samu ta hannun wani ƙaramin bankin jinginar gidaje, domin haka tsarin yake: bankinku ne ke fitar da kuɗin, ƙananan bankuna ke karɓar takardun mutum su kuma riƙa karɓar biya. Kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 ne a shekara, wa'adin biya yana iya kaiwa shekara 30 gwargwadon shekarun mutum. Da wannan ya sama mana gida a wajen Tumfure, kowace da sashenta, muka huta da ɗaukar kaya daga wannan gidan haya zuwa wancan. Takardar mallakar gidan tana hannun banki har sai an gama biya. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Bai kai rabin biya ba Allah ya karɓi abinsa. Mu biyu muka shiga takaba rana ɗaya, wata huɗu da kwana goma, babu mai fita yawon ofis-ofis. Albashi ya tsaya, biyan gida ya tsaya. Ba a jima da sadakar arba'in ba sai ga wasiƙa daga ƙaramin bankin, da Turanci, da sunan mamaci a kai, ana tuna masa cewa bashi ya taru kuma za a ɗauki mataki. Babban ɗana ne ya karanta mana, muryarsa na rawa.

Wanda bai taɓa zama a wannan hali ba zai ɗauka rasa gida ne babban tsoronmu. Akwai shi, ba na musu. Amma abin da ya hana ni barci shi ne abin da kowane Musulmi ya taso yana ji, cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Mutumin da bai taɓa kwana da bashin mai shago ba, ga shi a kabari da bashin gida a wuyansa, kuma saboda mu ya ci shi. Da yayansa, Hamma, ya tara mu ya ce shari'a ta ce a biya bashi kafin a raba gado, don haka a sayar da gidan a sallami banki a raba abin da ya rage, ban iya ce masa komai ba. Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa, kuma don ɗan'uwansa ya faɗa. Sai dai ni da abokiyar zamana mun yi lissafi a zuci: tumuni za mu raba tsakaninmu, yara kuma abin da zai zo hannunsu ba zai sayi ko fili a bayan gari ba.

Ƙanena ne ya zama ƙafarmu. Abin da ya gani a wannan yawo ba na fata ko maƙiyina ya gani. A ƙaramin bankin aka ce ba za a yi magana da shi ba sai da wanda marigayi ya rubuta a matsayin makusancinsa. Da aka duba, ƙaninsa ne ya rubuta tun yana saurayi, bai taɓa canzawa ba, shi kuwa yana Fatakwal yana neman abincinsa. Aka kira shi a waya ya ce ya yarda a yi magana da mu, aka ce sai ya zo da ƙafarsa. A wani ofishin aka ce fayil ya ɓata, aka kuma nuna cewa idan an ga na goro zai iya fitowa. Abin da ya fi ƙona mini rai, muna cikin takaba wani dillali ya yi sallama a ƙofar gida, wai ya ji za a sayar, yana da mai saye da kuɗi a hannu, ya ambaci farashin da ko kuɗin bulo da rufi bai kai ba. Wa ya gaya masa? Har yau ina tambayar kaina. A duk wuraren nan babu wanda ya ce wa ƙanena Allah ya jiƙan mamaci, balle ya tambaye shi takardun da ke hannunmu.

A jakar marigayi muka ga takardar da ke ɗauke da lambar zubinsa ta NHF da tambarin bankinku. Ƙanena ya ce bari ya gwada nan ma, ba don yana sa rai ba. Da hantsi sai ga kira a wayata, muryar mace. Ta ce, “Adda, kafin komai, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya raya abin da ya bari.” Sai da na amsa ta bar ni na share hawaye, sannan ta ce, “Ina so ki duba mini jakar nan da kyau. Akwai wata takarda mai tambarin kamfanin inshora? Ba ta gobara ba, akwai ta biyu.” Akwai ta. Tana ƙasan jakar, a naɗe cikin leda, mun ɗaga ta mun mayar ba mu san mece ce ba.

Ranar Asabar, ranar hutunta, ta zo gidan da kanta. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ƙi kujerar da aka jawo mata, ta zauna tare da mu a tabarma. Na fara miƙa mata jakar sai ta dafa hannuna ta ce, “Ina Amarya? A kira ta, a kira babban yaro, in Hamma yana kusa shi ma a kira shi. Maganar gida ce, kowa ya ji da kunnensa.” Wannan abu ɗaya da ta yi ya rufe ƙofar zargi tun kafin ta buɗe. Duk wanda ya san gidan mata biyu bayan rasuwar miji ya san yadda raɗa ɗaya da baƙo a ɗakin uwargida ke iya raba zumuncin shekaru.

Da kowa ya hallara ta shimfiɗa takardun a tabarma ɗaya bayan ɗaya, tana danne kowace da abin da ta samu kusa don kada fanka ta kwashe, ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce cikin sharuɗɗan wannan lamuni akwai inshora iri biyu, ta gobara da ta kare jingina. Ta biyun an yi ta ne saboda irin wannan rana: idan mai bashi ya rasu alhali inshorar tana raye, kamfanin ne zai biya ragowar bashin, gida ya zama na magada. Ta sa yatsa a kan layin da ke nuna cewa marigayi bai yi sakaci da kuɗinta ba. Hamma ya ce, “Hajiya, maimaita mini, ban ji da kyau ba.” Ta maimaita. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a manta da maganar sayarwa.

Ba ta yi mana alkawarin ƙarya ba. Ta ce ba bankinsu ne zai biya ba, kuma ba ita ce za ta sa hannu ba. Ƙaramin bankin ne zai tura buƙata ga kamfanin inshora, nata shi ne ta rubuta musu a hukumance ta riƙa bin sawu. Ta ce a gaggauta sanar da rasuwar a rubuce, domin kamfanonin inshora ba sa son jinkiri. Ta lissafa abin da za a nemo: takardar asibiti mai nuna sanadin rasuwa, takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci. Ta kuma warware mana abin da aka yi ta razana mu da shi, cewa wanda aka rubuta a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai, gado kuwa yana nan yadda shari'a ta raba shi.

Ita ce kuma ta hango abin da zai iya mayar da mu baya. Ta ɗora katin ɗan ƙasa na marigayi kusa da takardar lamuni ta ce mu duba. A ɗaya sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a ɗayar sunan garinsu, kamar yadda aka saba rubuta wa 'yan makaranta a da. Mu da muka zauna da shi shekara da shekaru ba mu taɓa lura ba. Ta ce a je kotu a yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne tun kafin a tura komai, in ba haka ba sai an yi watanni sannan a dawo da fayil saboda wannan kaɗai.

Sauran aikin ya tafi yadda aikin takarda ke tafiya, da jira da sake hoto da sake sa hannu. Ƙanena ya ce duk lokacin da ya shiga ofishinku ana ba shi wurin zama, ana gaya masa gaskiyar inda magana ta tsaya, babu wanda ya taɓa neman ko sisi. Bayan mun fita takaba da 'yan watanni kamfanin ya biya, aka lissafa daga ranar rasuwa, aka cire abin da aka ɗora mana bayan nan. Daga nan ta ce yanzu ne lokacin neman zubin da marigayi ya tara a asusun, domin ba a mayar da shi sai babu bashi a kan mutum. Wannan ma ba mu san da shi ba. An mayar, an haɗa cikin gado.

Na san akwai masu cewa tun farko bai kamata a shiga abin da ke da kuɗin ruwa da inshora ba. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, na kai wa malaminmu, ya ba ni amsar da ta dace da halin da muke ciki, ban kuma zo nan don in yi wa kowa fatawa ba. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 mutanenmu suka ga cewa ana iya harkar banki babu ruwa, kuma ina fata a faɗaɗa irin wannan hanya a harkar gidaje har ta kai ga ƙaramin ma'aikaci, domin da yawa suna mutuwa a gidan haya saboda wannan damuwa.

Abin da har yanzu ke ci mini rai shi ne, duk abin da ya cece mu yana rubuce tun ranar da aka ba da lamunin. Waɗanda suka aiko mana wasiƙar barazana suna da kwafin takardar inshorar a fayil ɗinsu. Me ya hana su buɗewa? Mata nawa ne a Gombe da Kumo da Bajoga da Billiri suka sayar da gida a wulaƙance, ko suka bar haƙƙin mazajensu a wani asusu, don kawai wanda ke bayan tebur ya ga bayani wahala ne? A ofisoshinmu da yawa, mace ta shigo da hijabi ba ta jin Turanci, sai a riƙa yi wa namijin da ya rako ta magana kamar ba ta wurin. Mai takaba kuwa babu wanda ya yi tunaninta sam lokacin da ake tsara dokokin “sai mai shi ya zo da kansa”, alhali a wannan yanki kusan duk gidan da aka yi rashin miji haka abin yake. Su ma magidanta suna da nasu: mutum ya ci bashin shekara 20 ko 30, iyalinsa ba su san inda takarda ɗaya take ba, sunan da ya rubuta tun yana saurayi yana nan bai gyara ba.

Yanzu takardar mallakar gidan ta dawo hannunmu tare da takardar sakin jingina. Saura a kai GOGIS, wato hukumar rajistar filaye ta Jihar Gombe, a shigar da sakin a rajista, sannan kotu ta rubuta rabon kowa, mun kuma amince a bar gidan a dunƙule har yara su girma. Ina roƙon shugaban ofishin ya isar da wannan godiya ga na sama da shi, a san cewa akwai irin wannan ma'aikaciya a Gombe, a kuma duba ta idan lokacin ƙarin girma ya zo. Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙan iyayenta, ya tsare mata 'ya'yanta. Ku ma duka Allah ya ba ku ladan abin da kuka yi wa marayu.

Wassalam.
Uwargidan marigayi, a madadin iyalansa,
Gombe.