A bar mu mu kalli fim kafin a gaya mana makinsa

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan shafinku na nishaɗi, musamman salon da kuka ɗauko na jera finafinan da ke tafe kowanne da ranar fitowarsa, waɗanda suka riga suka fito kuma a maƙala musu maki a gefe da manyan lambobi. Jerin ranakun ina jin daɗinsa ƙwarai, har yankewa nake yi in ajiye. Makin ne ya dame ni.

Ni malamin lissafi ne, shekara 22 ke nan ina riƙe da alli da jan biro. Ba da maki aikina ne na kullum, saboda haka in na ce ina tsoron lamba, ba don ban san ta ba ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan ƙanwata da ke zaune a wurina, yaro ɗan shekara 19. Wata takwas cur ya yi yana jiran wani fim. Tun ranar da aka saki tallarsa ta farko, wadda suke ce wa tirela, gidan bai huta ba. Ya kalle ta ba adadi, har tsayar da hoton yake yi ya kawo min wayar ya ce in dubi inuwar da ke jikin bango, wai ita ce ta mugun da aka ɓoye. Ya san sunan darakta, ya san wanda ya yi kiɗan, ya san ƙasar da aka je ɗaukar faɗan ƙarshe. Ni da ban damu da irin waɗannan finafinan ba sai da zumuɗinsa ya kama ni, na fara tambayarsa saura kwana nawa. Ana saura kwana biyu na shigo na tarar da shi ya yi jugum. Na ce lafiya? Ya ce, “Kawu, fim ɗin nan ya faɗi.” Na ce ka kalla ne? Ya ce a'a, 54 ya samu. Na ce 54 na me, a cikin nawa, wa ya bayar, mutum nawa ne suka bayar? Ko ɗaya bai iya amsa min ba. Lamba guda ta shafe ɗokin wata takwas, ya ce shi ya fasa.

Daren nan na zauna na bi lambar zuwa gidanta. Daga shafin Rotten Tomatoes ta fito, wanda aka kafa a Amurka a 1998, kuma nan ne yawancin jaridu ke ɗebo nasu makin, har da ku in ban yi kuskure ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan lambar ba ta auna kyan fim. Ƙidaya ce kawai ta masu sharhi: a cikin waɗanda suka rubuta, kashi nawa ne suka fi karkata ga yabo. In sun kai kashi 60 cikin 100 a sa wa fim ɗin jan tumatir, in sun gaza a ce ruɓaɓɓe ne. Wanda ya ce “ba laifi” da wanda ya ce “ban taɓa ganin irinsa ba” ƙuri'a ɗai-ɗai suke da ita, a akwati ɗaya.

Edita, bari in kai ka aji na minti biyu. Ga fim na farko, masu sharhi 10 sun kalla, kowannensu ya ce ya dai tsallake, ya ba shi 6 cikin 10. A wancan shafin zai fito da kashi 100. Ga na biyu, mutum biyar ya girgiza su sun ba shi 10 cif, biyar kuma bai shige su ba sun ba shi 4. Zai fito da kashi 50, ruɓaɓɓe. To amma tara makin ka raba: na farko 6 yake da shi, na biyu 7. Wanda aka jefar a shara ya fi wanda aka ɗora a kai. Daidai yake da in shiga ofishin shugaban makaranta in ce duk 'yan ajina sun ci jarrabawa, alhali kowa da ƙyar ya haye, maƙwabcina kuma rabin ajinsa sun faɗi amma a cikin sauran akwai yara biyar da za a yi alfahari da su. Wannan tsari yana fifita fim ɗin da bai ɓata wa kowa rai ba, yana kuma hukunta wanda ya yi ƙarfin hali ya gwada sabon abu. Ni kuwa finafinan da suka zauna min a zuciya kusan duk na biyun ne, irin waɗanda ake fitowa ana musu a kansu.

Shi kuma shafin finafinai na IMDb, wanda wani Bature ɗan Ingila mai suna Col Needham ya fara a 1990 kafin Amazon ta saye shi a 1998, nasa makin daga 1 ne zuwa 10, kuma 'yan kallo ne ke bayarwa. A nan matsalar ta wanda ya zo ba da makin ce. Ba wanda ya zaɓo su, su suka kawo kansu. Wa ke rige-rigen shiga sinima a daren farko ya fito ya danna waya? Masoyin da ya riga ya yanke hukunci tun daga tirela, da maƙiyin da ke jiran ranar. Shi ya sa za ka ga sabon fim ya buɗe da maki har sama, bayan wata biyu ya sauko a hankali da sauran jama'a suka iso. Su kansu masu shafin sun san da haka, don sun faɗa cewa ba tarawa da rabawa kawai suke yi ba, wasu ƙuri'un sun fi wasu nauyi, kuma ba sa bayyana yadda suke lissafin don kada a yi musu wayo. Ban ga laifinsu ba. Amma a ajina ɗalibin da ya rubuta amsa bai nuna hanyar da ya bi ba, rabin maki nake ba shi.

Wayon kuwa ana yi, ba zato ba ne. A farkon 2019, makonni kafin fim ɗin Captain Marvel ya fito, mutanen da ba su gan shi ba suka cika shafinsa na Rotten Tomatoes da kushe, saboda haushin wasu maganganun jarumar. A watan Fabrairu na shekarar shafin ya rufe damar yin sharhi kafin fim ya fito, a watan Mayu kuma ya kawo tsarin tantance waɗanda suka sayi tikiti da gaske. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. A 2001 mujallar Newsweek ta gano cewa wani mai sharhi da ake kira David Manning, wanda ake buga yabonsa a tallan finafinan kamfanin Sony, babu shi a duniya, ma'aikatan talla ne suka ƙirƙire shi suka jingina shi ga wata ƙaramar jarida a jihar Konetikat. Maganar ta kai kotu, a 2005 kamfanin ya amince ya ware dala miliyan 1.5 don mayar wa masu kallo dala 5 a kan kowane tikiti. Ga wani abu kuma da ba laifi ba ne amma ya kamata mai karatu ya sani: tun 2016 Rotten Tomatoes yana hannun Fandango, kamfanin da sana'arsa sayar da tikitin sinima ce.

Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma da yake a Amurka da Indiya yawanci ranar Juma'a ake sakin finafinai, karin maganar ya zauna daram. Sai dai a wannan harka ita Larabar ma shirya ta ake yi. Tirela daga fim na awa biyu ake tsamo minti biyu mafi daɗi. Masu sharhin da aka nuna wa fim da wuri ana sa musu sharaɗin ranar da za su buɗe baki. Makin farko da ke yawo a waya kuma sau da yawa na mutum ƙalilan ne, kafin sauran su rubuta.

Ko da an cire duk wata maguɗi, hukuncin makon farko ba shi ne na ƙarshe ba. Ranar 25 ga Yuni 1982 aka saki finafinai biyu a Amurka, Blade Runner da The Thing. Na farko ra'ayi ya rabu a kansa, na biyu masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, duka biyun kuma ba su yi kasuwar da aka sa rai ba. Yau ana koyar da su ga masu son shiga sana'ar, kuma tun 1993 Blade Runner ya shiga jerin finafinan da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ke adanawa saboda muhimmancinsu. Da ɗan ƙanwata yana raye a lokacin da wayarsa a hannu, da duka biyun ya ce min, “Kawu, sun faɗi.”

Abin da ya fi yi min ciwo dai shi ne jiran da ake kashewa. Jira wani yanki ne na daɗin fim. Ka tuna yadda aka rufe kashi na farko na fim ɗin Indiya Baahubali a 2015, aka bar mutane da tambaya guda, me ya sa Kattappa ya aikata abin da ya aikata. Kusan shekara biyu ana ta hasashe da gardama har kashi na biyu ya fito a watan Afrilu na 2017. Ni kaina na yi musu da abokan aikina a ɗakin malamai, kowa da tasa fassarar, kuma duk ba mu canka daidai ba. Wannan musun ba na jin akwai lambar da za ta biya ni shi. Wanda ya shiga kallo da 54 a kansa kuwa ba labari yake bi ba, neman inda aka zubar da sauran 46 ɗin yake yi. Na san haka daga aikina: in aka ce min yaro daƙiƙi ne kafin in buɗe takardarsa, jan birona ya fi saurin sauka, shi ya sa nake naɗe sunan kafin in fara dubawa.

Kada a ce na ce a rufe ido a shiga. Lokaci yana da tsada, finafinan kuma sun yi yawa, ba mai son sayen kifi a ruwa. Akwai ma alamar da ba na wasa da ita, wato ta shekarun da suka dace a kalla. Tsarin Amurka na haruffa ya fara a 1968, aka ƙara PG-13, mai gargaɗin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba, a 1984, kuma kafin in bar ƙananan yaran gidana su zauna gaban wani fim sai na duba wannan. Ita tana gaya min abin da ke ciki ne, ba ta ce min in so ko in ƙi ba. Ita ce ma ba na gani a shafinku.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In za ku sa maki, ku faɗi daga inda ya fito da adadin mutanen da suka bayar, don kashi 90 na mutum 10 daban yake da kashi 90 na mutum 300. Ku sauko da shi ƙasa, ku rage masa girma. Abin da ya fi wannan, ku samo mutum ɗaya mai suna da fuska ya riƙa kallo yana rubuta mana abin da ya gani da dalilinsa, ko da layi goma ne. Roger Ebert ya yi wa jaridar Chicago Sun-Times wannan aikin daga 1967 har rasuwarsa a 2013, shi ne ma mai sharhin fim na farko da ya samu babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, wato Pulitzer, a 1975. Masu karanta shi ba kullum suke yarda da shi ba, amma sun san halinsa, sun san abin da ke burge shi da abin da ke gundurarsa, har mutum ya iya cewa wannan da ya kushe ni zai yi min. Da mutum ana iya wannan sabon. Ni na fi son mai sharhin da zan riƙa faɗa da shi a raina duk mako a kan lambar da ban san iyayenta ba.

Game da yaron nawa, sai da na yi kamar zan yi fushi kafin ya yarda muka kalli fim ɗin tare, mako uku bayan fitowarsa. Tsakiyarsa ta ja da yawa, har na ɗan yi gyangyaɗi, wannan gaskiyar masu sharhi ce. Amma inuwar nan ta jikin bango ashe ya canka daidai, kuma lokacin da mai ita ya bayyana sai da ya miƙe tsaye yana dukan kafaɗata. Da muka gama na ce to, nawa ka ba shi? Ya yi shiru, ya ce shi dai zai sake kallo. Yanzu akwai wani da ya sa wa ido a jerin da kuka buga makon jiya, na kuma riga na gaya masa cewa ana saura kwana uku ya fito wayarsa za ta koma aljihuna.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin lissafi, mai karanta ku kowane mako