Mawaƙiyar ƙasa biyu: ku leƙo Sudan ma

Edita, assalamu alaikum.

Daga Kassala nake rubuto maka. Ɗiyata ce ke buɗe min jaridarku a waya idan an samu intanet, kuma ita ta fara ba ni labarin Saara Aalto, mawaƙiyar Finland da ta yi ta zuwa ta biyu a gasar waƙa a ƙasarta, har da ta 2012. Sai ta tafi Ingila, a 2016 ta shiga gasar waƙa ta talabijin mai suna X Factor, nan ma ta biyu. Amma da Turawan Ingila suka yi mata tafi, mutanen gida suka farka. A 2018 suka tura ta Lisbon ta wakilce su a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, suka kuma ba ta kujerar alƙali a shirin talabijin.

Ba na ƙin ku kawo irin wannan a shafin nishaɗi. Ƙorafina shi ne mu Hausawan Sudan muna da tamu mawaƙiyar, kuma Hausawan Najeriya da Nijar ba su san ta ba.

Aisha al-Falatiya a yankin nan na Kassala aka haife ta a 1905. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito, mahaifinta malami ne, kuma bai so waƙar ba ko kaɗan. A gidajen biki ta fara, daga baya aka naɗi muryarta a faifai a Alƙahira. A 1942 ta rera a gidan rediyon Omdurman, lokacin da mace ko leƙa wurin ba ta yi. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa. Ta rasu a 1974, har yau tsofaffin Sudan na kiran sunanta da girmamawa, alhali wannan laƙabi na Falatiya, wato 'yar asalin Afirka ta Yamma, shi ne wanda wasu ke jifan mu da shi a kasuwa idan ciniki ya ɓaci.

Jikokina sun san mawaƙan Kannywood ɗaya bayan ɗaya, amma a waje kunyar yin Hausa suke ji. Edita, ka sa wakilinka ya rubuta tarihin matar nan, ya tambayi dattawan garuruwan Mai Wurno da Gadarif a nan Sudan tun suna raye. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa gidaje da yawa, kuma tsoffin kaset ba sa cikin abin da mai gudun hijira ke ɗauka.

Taku,
Wata mai karatu, Kassala, Sudan