Sanarwa kan zanen zauren taro mai siffar ƙwarya

Assalamu alaikum 'yan uwa magina da masu zane. Ga matsayarmu kan zauren taron unguwa a Agege.

Siffar ƙwarya muka zaɓa wa ginin, ba ta goro ba. Da ita ake tarbar baƙo da fura, Bayarabe ma ya san ta a gidansa. Filin wasan FNB na Johannesburg, inda aka buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 2010, siffarta ya ɗauka, kuma ya yi kyau matuƙa.

Amma a kife za a zana ta. In bakin ya kalli sama, ruwan damina ya samu mazauni, ganye ya toshe bututu, sai yoyo.

Iskar Legas akwai gishiri da laima. Kaurin kankaren da zai rufe rodi kada ya gaza milimita 50, in ba haka ba tsatsa ta kumbura rodin ta fasa siminti. A bar kafar iska a ƙololuwa don zafi ya fita. Rufi mai lanƙwasa yana maido da murya, sai a lulluɓe cikinsa da katako mai huji.

A turo zane kafin Juma'a, don Allah.