Zuwa Ga Ƙawata a Pune: Jinkirin Al'ada da Maganin Ayurbeda

Assalamu alaikum, ƙawata.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Saƙonki ya iso, na kuma fahimci damuwarki: al'ada ta wuce lokacinta, maƙwabciyarki 'yar Indiya ta ce ki gwada maganinsu na gargajiya, wato Ayurbeda.

Kafin ki kai komai baki, ki yi gwajin juna biyu da fitsarin farko na safe. In bai nuna ba, ki sake bayan mako guda. Kada ki tsallake wannan, don Allah. Kusan duk abin da Ayurbeda ke bayarwa a wannan matsala mai zafi ne, an haɗa shi ne don ya tura jini ƙasa, kuma masu ƙarfin cikinsu na iya janyo ɓari. Ki kuma ƙirga kwanakinki daga ranar farko ta jinin da ya wuce: tazarar kwana 21 zuwa 35 lafiya ce, jinkirin 'yan kwanaki bayan tafiya ko rashin barci ko tashin hankali ba ciwo ba ne.

A fahimtar masu Ayurbeda, akwai iskar da ke kula da duk abin da ke sauka daga jiki, fitsari, bayan gida, haila da haihuwa. Idan sanyi da nauyin jiki suka toshe mata hanya, ko bushewa ta raunana ta, sai jini ya yi jinkiri ko ya ƙaranta. Tsohon littafinsu na magani mai suna Sushruta ya ce a bi da mai wannan hali da abinci mai ɗumi, ya ambaci riɗi, kifi, abu mai tsami da baƙin waken da suke kira urad. Shi ya sa nake ganin ki fara daga madafa tukuna.

Mafi sauƙi shi ne dafaffen baƙin riɗi da gur, wato mazarƙwailarsu. Ki auni riɗi giram 20, kamar cokali biyu na cin abinci, ki ɗan daka shi ya farfashe, kada ya zama tunkuza. Ki zuba ruwa ninki 16, mililita 320 ke nan. Wuta kaɗan-kaɗan, tukunya a buɗe, har ruwan ya ƙone ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Za ki ga ya yi duhu, maiƙo ya taso a sama. Ki tace da kyalle mai tsabta, ki narka gur ƙaramin cokali ɗaya, ki sha da ɗuminsa da safe. Ana farawa mako guda kafin ranar da ake tsammani, ana dainawa da zarar jini ya zo.

Inda ake kuskure: a cika wuta, ruwa ya ƙafe kafin riɗin ya saki abin da ke cikinsa, a dafa da yawa a ajiye ya kwana, alhali na ranar ake sha a ranar, ko a sayi tsohon riɗi. Ki sansana shi, in yana warin tsohon mai ki bar shi. Mai ciwon sukari ta cire gur ɗin. Wadda jininta ke zuba da yawa in ya zo, ko mai fama da ƙwannafi, wannan ba nata ba ne. Ki haɗa da abinci mai ɗumi a kan lokaci, shayin citta, tafiyar minti 30 da kwanciya da wuri. Rage cin abinci don neman rama na daga cikin abubuwan da ke ɗauke al'ada.

Magungunan kanti kuwa sai da likita. Rajapravartini Vati ita ce ƙwayar da za a fi nuna miki. A cikinta akwai busasshen ruwan alobera, hing (wani ƙaro mai wari da suke sa wa a girki), gishirin boras da sinadarin ƙarfe. Tana da ƙarfi, an hana mai ciki da mai shayarwa, tana iya kawo murɗar ciki da gudawa. Kumaryasava da Ashokarishta na ruwa ne, ana shan mililita 15 zuwa 30 a gauraye da ruwa daidai da shi bayan abinci. Amma ki sani, tsima su ake yi, barasa na samuwa a ciki da kanta, sau da yawa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Na san ba za ki so a ɓoye miki wannan ba. Sannan wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya sami darma, zaiba ko arsenik a cikin kusan ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurbeda da aka saya a shagunan Boston. Don haka ki nemi likita mai digirin BAMS, wato digirin likitancin Ayurbeda, ki duba lambar lasisi a jikin kwali, ki guji garin da ake ƙullawa a takarda babu suna.

A ganina riɗi taimako ne ga jinkiri mai sauƙi, binciken zamani da aka yi a kansa ƙanana ne, kuma ba ya gyara musabbabi. Idan wata uku suka wuce babu jini, ki je wurin likitar mata a duba tayirod (halittar da ke gaban wuya mai fitar da sinadarai), sinadarin furolaktin (mai kawo ruwan nono) da hoton mahaifa da ƙwai, musamman in kina ganin ƙiba, ƙuraje ko gashi a haɓa. Barin mahaifa watanni ba ta zubar ba yana iya sa bangonta ya yi kauri. Ki gaya mata in kina allurar tazarar haihuwa, don ita ma da kanta tana iya ɗauke al'ada. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko ɗigon jini, wannan na asibiti ne a take, ko da tsakar dare.

Ki sanar da ni sakamakon gwajin. A gaida maigida, a shafa min kan yara. Allah ya ba ki lafiya.

Taki har kullum,
Ƙawarki